Ƙwan Agwagwa a Tukunyar Tuwo

Bana ma ruwa ya yi mana irin halin nan nasa. Ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa ya bar mutane suna kallon sama. A nan Ungogo, gidan autana inda nake zaune yanzu, ba wanda abin ya hana barci, don gonakin da na sani a wannan gefen duk sun zama bulo da kwano, abincinmu kuwa daga kasuwa yake zuwa a adaidaita sahu. Zafi kawai ake kuka da shi. Ni kuwa da na ji irin wannan busasshiyar iska ta tsakiyar damina, wadda babu ƙanshin ƙasa a cikinta, sai wata shekarar yunwa ta faɗo mini a rai ko da a ƙoshe nake.

Cikin wannan zafin ne matar autan nawa ta sayo wani farin akwati mai murfin gilashi, ta jona shi da sola, ta jera ƙwan agwagwa a ciki. Wai shi zai yi kwancin, shi zai riƙa juya ƙwan, in ruwan cikinsa ya ƙare ma ya yi ƙara ya kira ta. Na ja kujera na zauna gabansa baki buɗe. Ta ce, "Hajiya, ko tsoronsa kike ji?" Na ce ba tsoro ba ne, mamaki nake yi da na ga an ƙera akwati yana aikin da na taɓa yi da fatar cikina.

Shekarar da nake nufi ban daɗe da aure ba. A wani ƙauye muke kusa da Kunci, gidan surukaina: Baba, mahaifin mai gidana, da matarsa Inna, sai mu. Ina goyon ɗan fari, namiji, an kuma sa masa sunan Baba. Kunya biyu ke nan ta hau kaina, ta ɗan fari da ta sunan suruki, shi ya sa har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa. A gaban mutane ba na yi masa wasa, ba na nuna na damu in ya yi kuka. Baba kuwa Takwara yake ce masa, in ya ɗora shi a gwiwa sai ya yi ta zarginsa da cewa ya zo ƙwace masa suna da gona.

Ni 'yar wajen Bici ce, unguwarmu akwai fadama, kowane gida da agwaginsa. Da zan tare, mahaifiyata ta haɗo ni da mace ɗaya da toro. A ƙauyen mijina kuwa ba mai kiwonsu. Ranar da aka sauke su Baba ya dube su ya dube ni, ya ce, "Amarya, wannan ƙazamar dabbar ita ma cikin kayan ɗakin take?" Daga nan in ya shimfiɗa buzun salla sai ya ajiye sanda a gefe saboda su.

Sai na faɗi halin Baba kafin a gane sauran. Mutum ne dogo, mai tsabta, mai kyauta, amma ba ya karɓa. Ya saba shi ke fitar da zakka dami-dami, shi ake zuwa wa aron iri. Ko goro ka ba shi sai ya nemi abin da zai mayar maka. Ina girmama shi, ina kuma tsoronsa.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi a shekarar. Aka yi shuka, gero ya fito har ya kai gwiwa, aka yi noman farko. Sai sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tulu da ƙwarya a ƙarƙashin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi mu kwashe kayanmu wayam. Gero ya nannaɗe ganye. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta da rana ba takalmi. Kududdufin bayan gidanmu, inda aka haƙi ƙasar ginin gidan, ya koma laka, lakar ta bushe ta tsattsage. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa, suka dawo, suka sake fita.

Hatsin bara dama bai yi auki ba. Ranar da mai gidana ya shiga rumbu muka ji ƙarar tsintsiya daga ciki, ni da Inna muka dubi juna. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, daga kunu aka koma tafasa da ɗan barbaɗen dusa. Maganar kulle kowa ya manta da ita, ni da Inna muke fita da sassafe mu tsinko ganye kafin wasu su riga mu. Aka sayar da awaki, aka sayar da kaji, aka yanka toron. Macen ce kaɗai ta tsira, don ta riga ta kwanta a kan ƙwai goma sha uku a ƙarƙashin rumbu. A lokacin ba a ba yaro ƙwai, cewa ake zai tashi da sata. Yau jikokina ba sa karyawa sai da shi, ban kuwa ga wanda ya ɗauki ko allurar wani ba.

Abin da ya fi yunwar tayar mini da hankali shi ne nonona da ya fara ƙafewa. Yaron nan bai isa cin komai ba. Zai kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Inna ta ɓoye ɗan gero a ƙullin zane tana dama mini kunun kanwa ni kaɗai, amma abin da ke zuwa bai fi ya jiƙa masa maƙogwaro ba. In aka ba shi ruwan kunu sai cikinsa ya ɓaci. Fulanin da ke kawo nono sun kora shanunsu kudu tun da ciyawa ta ƙone. Ina kallo wuyan yaron ya zama siriri, maɗigarsa ta faɗa, ga shi ba ni da ikon in yi kuka a gaban surukai.

Akwai wata tsohuwa a ƙarshen ƙauyen, Iya Tabawa, mai daddawa, sa'ar Baba ce, tare suka tashi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita kaɗai ta ƙi sayar da akuyarta, wata ja mai tsohon ciki. Inna ta lallaɓa ta ce wa Baba ko za a yi wa Tabawa magana, in akuyar ta haihu a riƙa samun abin da za a ɗiga wa yaro. Ina daga ɗaki na ji amsarsa.

"Ubana bai roƙa ba, ni ban roƙa ba. Takwara ba zai tashi da nonon roƙo ba. Allah zai kawo mafita."

Ban san ko Inna ce ta kai mata labari ba. Bayan kwana kaɗan dai sai ga Iya Tabawa ta shigo, ta wuce Baba a zaure da gaisuwa sama-sama. Ta karɓi yaron, ta shafa kansa. Sannan ta leƙa ƙarƙashin rumbu, agwagwar ta yi mata huci. Iya dama ba ta iya magana a hankali ba.

"Ke 'yar Bici, ni fa na daɗe ina sha'awar agwagi. Akuyata ta kusa. In wannan ta ƙyanƙyashe, ki kawo mini 'ya'yan da ransu, ki ja akuyar da ɗanta ki riƙe har yaron nan ya yi ƙwari. Musaya ce. Ni ba na kyauta, kowa ya sani."

Muka kasa kunne wajen zaure. Can sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "In musaya ce, babu laifi."

Daga ranar ran yaron nan ya koma ƙarƙashin rumbu. Ina tashi can nake fara dubawa.

Agwagwa mai kwanci takan tashi sau ɗaya da safe, ta je ta jiƙa jikinta ta dawo ta kwanta. Da kududdufi ya ƙafe sai ta fara nisa wajen neman ruwa, yau bakin rijiya, gobe can wajen kwari. Wata safiya ta fita ba ta dawo ba. Na jira har rana ta take, na bi sawu, na tambayi yara. Da yamma mai gidana ya dawo da gashinta a hannu, ya tsinto a bayan wata danga. Ba kare ba ne, ba muzuru ba ne, don figa ce aka yi mai kyau, har da alamar ruwan zafi. Bai faɗi dangar wane ne ba, ba wanda kuma ya tambaya. A irin wannan shekara ba a bin sawun nama.

Na durƙusa na taɓa ƙwan. Zafin gari ya taimake ni, ba su huce ba. Ta yi kamar rabin kwancinta, saura rabi, ga shi duk ƙauyen babu kaza ko ɗaya mai kwanci da za a sa wa. Na tsaya a tsakar gida ina juye-juye, sai idona ya faɗa kan tukunyar tuwo a kife, ta kwana biyu ba a ɗora ta ba. Na ɗauko ta na zuba ƙaiƙayi a ƙasa, na farke matashin kaina na ciro audugar rimi, na kwaso gashin da uwar ta tsige ta shimfiɗa a gurbinta. Na jera ƙwan a ciki na rufe da faifai.

Ban taɓa ganin an yi ba, abin da na ga agwagwa tana yi kawai na bi. Na san tana juya su da baki, ni ma sai in juya su da yatsa safe da rana da yamma, na ɗiga wa kowanne baƙin tukunya a gefe ɗaya don kada in rikice. Na san da jiƙaƙƙen ƙirji take dawowa, sai in tsoma hannu a ruwa in yarfa musu. Ɗumi kuwa da fatar idona nake aunawa: in ɗora ƙwai a kan ido, in na ji kamar jikin yaro mai lafiya to daidai ne. Da rana zafin ɗaki ya isa. Da yamma in tona toka mai ɗumi a gefen murhu in zaunar da tukunyar. Asuba ce abin tsoro, lokacin da toka ta mutu gari ya yi sanyi. Sai in kwashe su in jera a cikina, in naɗe da zane biyu, in jingina da bango ina numfashi a hankali har rana ta fito. Yaro a cinya, ƙwai a ciki, haka nake gyangyaɗi.

Inna ta kawo wani guntun tsohon lauje ta cusa cikin ƙaiƙayin, wai kada tsawa ta kashe ƙwan. Na ce, "Inna, wace tsawa?" Ta ce in bar shi dai, ba a sani ba.

Wutar nan da nake hurawa ta jawo mana abin kunya. Gidaje da yawa sun daina ɗora tukunya da yamma, sai ga hayaƙi yana tashi daga namu kullum. Wata maƙwabciyarmu ta shigo da 'yar ƙwarya a ɓoye cikin mayafi, ta zauna tana ta zance, idonta na kan tukunyar tuwon da ke gefen murhu. Da na gane, sai na ɗaga faifan na nuna mata. Ta leƙa, ta dube ni kamar ta ga mai taɓin hankali, ta ce, "Dafa su kike yi ko renonsu?" Kafin magariba labari ya gama gari cewa amaryar gidan Baba ta kwanta kwanci.

Akwai wata 'yar huda a jikin ƙyauren ɗakina da rana ke shigowa ta ciki da hantsi. Nan nake kanga ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Mai rai za ka ga duhu ya cika shi, da jijiyoyi ja, wani lokaci har duhun ya motsa. Ranar farko da na ga motsin sai da na kusa sakin ƙwan. Uku ba su nuna komai ba, na ƙi yarda, na ci gaba da ɗumama su har ɗaya ya fashe a tukunya. Wanda bai taɓa jin warin baragurbi a rufaffen ɗaki da cikin yunwa ba, Allah ya sa kada ya ji. Na fitar da sauran biyun na canja audugar ina amai.

Baba da fari ko kallon tukunyar ba ya yi. Sannu a hankali sai ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin in zai wuce alwala. "Amarya, baƙin naki suna nan?" In ce suna nan, Baba. Ranar da na kai masa ɗaya na ce ya sa a kunne, ya karɓa da yatsa biyu yana yamutsa fuska. Ya saurara. Ana ƙwanƙwasawa daga ciki, ƙas, ƙas, da wani siririn kuka. Ya sauke ƙwan ya dube shi, ya sake mayarwa kunne, ya ce, "Ikon Allah. A tukunyar tuwo."

Ba rana ɗaya suka fito ba. Kowanne zai huda ɗan wuri ya huta, ya daɗe, sannan ya zagaye ɓawon ya turo kai. Inna ta kasa haƙuri ta taya ɗaya ɓarewa, jini ya fito, bai kai yamma ba. Daga nan muka ɗaure hannuwanmu. Sauran tara suka fito, jiƙaƙƙu, munana, wuya kamar zare. Da suka bushe kuwa sai ga su rawaya da ɗan baƙi a baya, masu laushi, suna tuntuɓe da ƙafafunsu. Na zuba su a kwando na shimfiɗa tsohon zane, na ajiye kusa da murhu. Rijiya ta yi ƙasa, guga da laka yake dawowa, don haka ruwansu a ɗan kasko nake zuba musu, iya wanda za su tsoma baki.

Abinci ne ya so ya gagara, don dusar da za a jiƙa musu ita muke ci. Baba ne ya warware wannan, ba wanda ya sa shi. Ya samo fasasshiyar tukunya, ya cusa kara da busasshen kashin shanu, ya yayyafa ruwa, ya je ya kife a kan suri. Da safe ya ɗauko ta cike da gara, ya zazzage musu. Mutumin da ciwon gwiwa ke hana shi zuwa gona, kullum sai ya ɗingisa zuwa surin nan. Nan da nan suka san ƙafarsa. In ya shigo sai su bi shi a jere har bakin buzunsa, yana cewa "kai, ku tafi can," sandar kuwa tana gefe bai taɓa ta ba.

Yaron nan a lokacin kukansa ma ya daina fita sosai. Sai ya buɗe baki, ka ga alamar kuka, ba ka ji. Na aika wa Iya Tabawa cewa sun fito. Ta ce in bar su su ɗan yi ƙwari, akuyar ma yau ko gobe ce. Bayan 'yan kwanaki ta aiko da safe: ta haihu, ɗa ɗaya, hantsa cike. In bar ɗan ya sha na farko, gobe da yamma in kawo agwagi in ja akuya.

A yammacin ranar da saƙon ya zo hadari ya haɗu kamar kullum. Ko tulu ba mu fitar ba, mun gaji. Sai iska ta tsaya cak, sai ƙanshin nan ya bugo, sai ɗigo mai nauyi a kan faifai. Kafin mu tashi an kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inna ta fita tsakar gida ta tsaya a ciki da tsufanta, hannuwa a buɗe. Mai gidana yana ta jera duk abin da zai tari ruwa, har da turmi. Ni kuwa kwandon agwagina na rungume na kai ƙuryar ɗaki na rufe. Da magariba kwaɗin da muka ɗauka sun mutu suka cika gari da kuka.

Washegari duk mai ƙafa ya fita gona. Geron da ya mutu a cike gurbinsa da dashe, a jefa wake a tsakani tun ƙasa na da laima. Ni ma na goya yaro na bi su Inna, mai gidana yana sara muna jefa iri muna takewa. Baba aka bari a gida saboda gwiwarsa. Da zan fita na ce, "Baba, ga su nan a kwando." Ya ce, "Je ki, Amarya, ai ni ne uwarsu yanzu."

Da hantsi ya yi na dawo in ɗebi ruwan sha in kai gona. Na tarar da kwando a kife, babu kowa a zaure. Na kira, shiru. Sai na ga sawun ƙafa da na sanda a cikin laka sun zagaya bayan gida, na bi.

Kududdufin ya cika har baki, ruwan ja, ya yi faɗin da ban taɓa gani ba. Baba yana zaune a cikin laka a gefe, rigarsa jiƙe har wuya, hularsa tana yawo can a tsakiyar ruwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Ya tattara gaban rigarsa a cinya kamar mai ɗauke da gyaɗa.

Na ce, "Baba, lafiya? Faɗuwa ka yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Sun nutse."

"Su wa?"

"Agwagin. Amarya, agwagi sun nutse a ruwa."

Wallahi dariya ce ta fara taso mini, don maganar ba ta shiga kaina ba. Sai ya buɗe rigar. Suna kwance su tara, gashin ya manne a jiki, sun koma ƙanana kamar ranar da suka fito, wuyoyi a lanƙwashe. Na zauna a lakar nan da goyo a bayana.

Yana magana yana kallon ruwan. Ya ce ya ga tun da suka zo duniya ba su san ruwa ba sai na kasko, ga kududdufi ya cika, ga shi yau za a rabu. Ya ce bari su sha daɗinsa sau ɗaya a gidansu. Ya ɗebe su a ƙwarya ya sauke a baki, suka faɗa da gudu, suna iyo, suna tsoma kai, har ya yi musu tafi. Suka yi tsakiya. Can sai ya ga suna yin ƙasa, ruwa ya kai musu baya, ya kai wuya, suna ta kuka suna harba ƙafa ba sa gaba. Ya shiga da rigarsa har ƙirji, shi da bai iya ruwa ba, yana kamo su da hannu da sanda.

"Agwagi ne fa," in ji shi. "Ba kaji na kai ba. Agwagi ne."

Na kwashe su na ruga gida, na hura wuta, na goge su da zane, na cusa su cikin rigata, na hura musu iska a baki. Biyu suka motsa. Ɗaya ya sake yin shiru, ɗaya ya buɗe ido. Kafin azahar gidan ya cika, mutane sun dawo daga gona da laka a ƙafa suna leƙa kwando. Ba wanda ya taɓa jin irin wannan. Wani ya ce aljanun kududdufi ne, wata ta ce baki ne ya kama su. Sai bayan kaka da na je gida mahaifiyata ta faɗa mini: akwai mai a gindin bindin agwagwa da take shafe gashinta da shi, 'ya'yan da suka kwana a ƙarƙashinta suna gogar man, shi ke hana ruwa shiga jikinsu. Wanda bai kwana ƙarƙashin uwa ba, gashinsa shan ruwa yake kamar auduga, sai ya girma ya fara yin nasa man. Ni da na tashi cikin agwagi ban sani ba, don ban taɓa ganin ɗan agwagwa ba uwa ba.

Da mutane suka watse na shige ɗaki na kwantar da yaron a gabana. Na ji haushin Baba, haushin da ban taɓa jin irinsa a kan wani mahaluki ba, ga shi ba bakin faɗa. Inna ta ce in ɗauki ɗayan da ya rayu in je wajen Iya Tabawa in gwada. Na ce da wane ido? An ce 'ya'ya da ransu, ta kuma faɗa a gaban kowa ba ta kyauta, mai gidan nan kuma ya ce ba a roƙo. Ranar na yi kuka a gaban surukata, na rungume ɗan fari ina kuka, ba ta hana ni ba.

Bayan azahar Baba ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a da wata hula, ya ɗauki sanda ya fita. Mun ɗauka masallaci ya tafi.

La'asar ta yi sai muka ji kukan akuya a ƙofar gida, da hayaniyar mutane daga nesa. Na leƙa. Baba ne, igiyar jar akuya a hannu ɗaya, ɗanta a hammata yana ɓata masa rigar Juma'a, sandar ma ban san inda ya yar da ita ba. Ta tsakiyar gari ya biyo, ta gaban dattawan da ke zaune a gindin dalbejiya, ba ta bayan gari ba. Ya shigo ya nemi turke ya kafa da kansa, ya ɗaure ta. Ya ce wa Inna, "Tashi ki tatsa." Sannan ya juyo wajena, idonsa a ƙasa.

"Amarya, ba musaya ba ce. Roƙo na yi. Duk wanda ya tambaye ki, haka za ki ce."

Inna ta tatsa, ta tafasa, ta fifita. Na ɗiga wa yaron a baki da ƙaramin ludayi. Na farko ya zubo ta gefe. Na biyu na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sha kaɗan, ya yi barci, ya farka ya sake sha. Cikin 'yan kwanaki kukansa ya dawo da ƙarfi har maƙwabta na ji, ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar wannan ba. Maɗigar ta taso. Ya rayu, yau shi ma har ya aurar da 'ya.

Da na ga ya farfaɗo sai na naɗe ɗan agwagwar da ya saura a gefen mayafi na tafi gidan Iya Tabawa, ko ba komai ta ga ban manta alkawari ba. Na tarar tana tsane kalwa. Na durƙusa na miƙa mata. Ta ja da baya tana toshe hanci.

"Mayar da abinki. Ni me zan yi da agwagwa, ta cika mini gida da kashi? Don bakin surukinki na ce musaya, in ba haka ba ai ba zai bari akuyar ta taka zaurensa ba."

Na kasa rufe baki. Ta ci gaba da aikinta, muryarta ta sauka, abin da ban taɓa ji ba. Ta ce, "A nan ya durƙusa, inda kike. Ya cire hula. Tun muna yara nake tare da mutumin nan, ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Na ce ya tashi, ya ƙi, sai da ya faɗi abin da ya kawo shi da bakinsa."

Na dawo gida. Baba yana zaure, Takwara a gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi. Ya ga abin da ke motsi a mayafina.

"Ba ta karɓa ba ko?"

Na ce, "Ba ta karɓa ba, Baba."

"Na sani. Tun ranar da ta faɗa na sani. Tabawa ko naman agwagwa ba ta ci."

Ya miƙo hannu, na ba shi ɗan agwagwar. Ya sa shi a aljihun rigarsa inda zai ji ɗumi, ya ce in je in duba ko akuya ta sha ruwa.